Giwar Pitowa

Ƙwaya uku Hamajoda direba ya kawo min
daga Ngawundare, ƙunshe a takardar siminti,
kowace ta fi farcen babban yatsa faɗi.
Ya ce, "Irin nan, Jatau, sai da amalanke ake ɗauka."
Na yi dariya. Na dai biya sefa ɗari biyar.

Ɗaya ɓera ya ci. Ɗaya ba ta fito ba.
Ta ukun ta miƙe a bakin Mayo Kebbi,
inda laka ke riƙe sawun saniya har mako,
ta yi yaɗo ta haye kunya bakwai.
Na tsinke 'ya'yanta na bar guda,
hannuna na rawa kamar mai zaɓe cikin jikoki.

Kafin marka ta kai tulu.
Tsakiyar marka ta wuce randa.
Yara suka raɗa mata Giwa.
Ladiyo ta ce, "Cikin Gambo ba ka taɓa aunawa ba,
ga ka kullum da igiya wajen kabewa."

Ran wata Talata na ƙwanƙwasa, amo ya sauya.
Da tana amsawa kamar turmi,
ranar sai ta amsa kamar jiƙaƙƙiyar ganga.
Na durƙusa na cusa hannu ƙarƙashinta,
inda ido bai taɓa zuwa ba.
Yatsana ya nutse.
Laushi, ɗumi-ɗumi, tsamin gasarar da ta kwana uku.

To, daga ina?
Tsoho Barkindo na gonar gabas ya ce ƙasa ce:
"Wata biyu cikinta na kwance a danshi,
ko dutse ne ai ya yi gansakuka."
Malamar gona ta zo a babur daga Garwa,
ta nuna min wani ɗigo, bai kai ƙwayar gero ba,
da ɗan ƙaro a bakinsa:
nan ƙuda ya soka ya zuba ƙwai,
tsutsa na cin gidan daga ɗaka.
Ta leƙa wuya, wurin da ya kama yaɗo, ta ga tsaga:
taki ya yi yawa, ruwa ya zo a tare,
ciki ya riga fata girma.
Ni kuwa na tuna rumfar zana da iska ta ɗauke,
rana na dukan bayanta, ina cewa gobe, gobe.
Kowa da gaskiyarsa.
Ita dai tana ruɓa.

Na wasa wuƙa na gasa ta a garwashi,
na yanke laushin har na tarar da tauri,
na cika ramin da toka,
na ja wa ruwa rariya.
Mu huɗu muka ɗaga ta da buhu, muka zuba yashin kogi.
Kwana biyar, bakin ramin ya yi ɓawo.
Har na yi cinikin amalanke don kasuwar Lahadi.

Asubar Asabar na tarar ta zauna.
Ba fashewa, ba ƙara.
Kafaɗunta sun faɗa ciki
kamar bukkar da gara ta gama da ita tun bara,
ruwa rawaya na bin kwari,
ƙudaje sun riga ni zuwa gaisuwa.

Na naɗe hannun riga na zura har kafaɗa,
na kwaso iri cikin wari.
Masu tasowa kan ruwa na zubar,
masu nutsewa na shanya a faifai: arba'in da ɗaya.
Gawar muka binne nesa, bayan giginya,
kada cutar ta kwana a gona.

Baɗi tudu zan hau, wajen Tingilin.
Yashi tun tana kamar ƙwan zabo,
tsohon gidan sauro a kanta,
taki da cokali, ba da kwando ba.

Igiyar na nan a ƙusa da ƙullinta na ƙarshe.
Jiya na ga Gambo ya sauko da ita,
ya zagaye kansa da ƙanwarsa da akuya,
har da saura.